Ɗakin Amarya a Kududdufin Dawaki

Ka taɓa jin inda aka tafi ganin ɗakin amarya aka dawo gida ana matse zani? In ba ka taɓa ji ba, to ba ka cikin waɗanda suka je ƙauyen Summerfield ranar Asabar ɗin da ta wuce, kuma ka gode wa Allah, don har yanzu takalmanka biyu ne.

Abdoul-Aziz ne ya haɗa abin. Ɗan Damagaram ne, shekararsa ashirin da biyar, kuma a Disamban bara ya karɓi digirinsa na injiniya a nan birnin Greensboro, ƙasar Turawa. Tun ranar da ya sa hular nan mai tuntu, bai ƙara ganin wani abu a duniya ya ce ya yi daidai ba. Shi ne ya sake wa ma'ajiyar takalman masallaci tsari da lambobi, aka yi Juma'a uku ana komawa gida da takalmin wani. Shi ne kuma ya ɗaura muciya a bakin injin huda katako, ya ce ya ƙera na'urar tuƙa tuwo. Tuwon yana nan manne a silin ɗin kicin ɗin Djibrilla, abokinsa direban kamiyo, wato babbar motar kaya, da ke zaune a Pleasant Garden, kudu da gari, wanda a falonsa Abdoul-Aziz yake kwana kan doguwar kujera.

Duk da haka Allah ya haɗa shi da Hamsatou, 'yar Alhaji Tahirou. Nas ce a wani asibiti cikin gari, kuma ita kaɗai ce take iya katse shi a tsakiyar bayani ya yi shiru. An kai gaisuwa, an karɓa, saura sa rana. Alhaji Tahirou bakanike ne, mutumin Gaya, ba ya son dogon zance. Ya kira shi gareji, ya goge hannu da tsumma, ya ce:

"Ƙarshen Afrilu zan tafi gida, sai baɗi war haka zan dawo. Kafin nan ka nuna wa iyayenta mata inda za ka ajiye ta. In suka ce ya yi, mu sa rana kafin in tashi. In suka ce bai yi ba, sai na dawo."

"Baba, ai wannan ƙaramin abu ne," in ji Abdoul-Aziz.

Da wani ne, daga garejin sai unguwar Sedgefield, ya nemi ɗaki da falo kamar kowa. Shi kuwa gida ya koma, ya zuba taliya a kwano, ya buɗe kwamfuta. Yana cikin ci sai ga wani bidiyo ya faɗo masa: wani tsohon Bature a Ingila, yana zaune cikin wani dogon jirgin ruwa siriri, shi da karensa. Jirgin yana tafiya sannu-sannu cikin wata hanyar ruwa da aka haƙa, wadda suke kira kanal. Ga tukwanen fure a kan rufi, ga hayaƙi yana tashi daga bututu. Da tsohon ya gaji da zama sai ya ɗaure jirgin, ya ɗauki sanda, ya bi 'yar hanyar bakin ruwa yana gaisawa da tumaki.

Cikin kwana uku Abdoul-Aziz ya kalli irinsa arba'in. Ran na huɗu ya tare Djibrilla a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba.

"Djibo, an cuce mu."

"Wa ya cuce mu?"

"Ƙasa. Duk mun maƙale a ƙasa kamar rogo. Dubi nan. Ba maƙwabci a samanka yana jan kujera, ba yankan ciyawa. Ka farka, tsuntsu ya gaishe ka. A nan zan ajiye Hamsatou."

Djibrilla ya leƙa kwamfutar, ya ce, "Bon. A ina ka ga irin wannan ruwan a Greensboro?"

"Injiniya ba ya jira ruwa ya zo masa."

"Kai da ka fito Damagaram, inda ake bin layin famfo da jarka?"

"Jini ne, Djibo. Kakana na wajen uwa, duk kogin Kwara an san shi da kifi."

Gaskiya ne an san tsohon da kifi. Busasshe yake sayarwa a kasuwar Damagaram, kuma har ya rasu bai taɓa ganin wanda yake motsi ba.

Mako biyu yana zaga gari da taswirar waya. Daga ƙarshe ya gano abin da yake nema a Summerfield, bayan gonar wani tsohon Bature mai kiwon dawaki, Mista Hank. Wani kududdufi ne dogo, inda dawakin suke shan ruwa. Daga wannan baki zuwa wancan, tafiyar minti uku ce in mutum bai yi sauri ba. Mista Hank ya saurari bayani tsaf, ya sosa gemu, ya ce ya yi duk abin da yake so muddin bai firgita masa dawaki ba. Ya kuma roƙi alfarma ɗaya: a gaya masa ranar, don ya fito da kujera.

Daga ranar Abdoul-Aziz ya haramta kalmar kududdufi. Kanal za a ce. Shi kuma Kaftin.

Aka shiga aiki a bayan gidan Djibrilla. Durom-durom na roba shuɗɗa guda ashirin da huɗu a ƙasa, katako a kai, kwanon rufi a sama. Tsawo ƙafa talatin, faɗi ƙafa shida da inci goma, ba ƙari ba ragi.

"Me ya sa ka matse shi haka kamar makara?" Djibrilla ya tambaya. "Ka ƙara masa faɗi mana."

"Ba a ƙarawa. A Ingila akwai ƙofofin ruwa da jirgi yake bi ta ciki. In ya ɗara haka ba zai wuce ba."

"A kududdufin Mista Hank akwai ƙofar ruwa?"

"Kanal."

"A kanal ɗin akwai?"

"Babu. Amma ƙa'ida ƙa'ida ce."

Jirgin da aka auna don ya wuce ƙofofin Ingila, da aka gama shi sai ya ƙi wuce ƙofar shingen Djibrilla. Aka tumɓuke shingen gaba ɗaya. Karen maƙwabci ya samu hanya ya shigo ya cinye kilishin da aka ajiye wa masu tayawa. Aka ja jirgin a bayan mota tun daga kudancin gari har arewa, mutane suna fito da wayoyi ta tagar mota, Kaftin yana ɗaga musu hannu.

A bakin ruwa ya shafa masa fenti kore da ja, ya zana furanni, ya rubuta Gimbiyar Ruwa da manyan baƙaƙe. Ya manta Afrilu ce, lokacin da bishiyoyin nan suke zubo da garin furensu har mota baƙa ta koma ruwan ɗorawa. Washegari ya tarar da Gimbiya ta fito kamar tsiren da aka birkiɗa a garin ƙuli.

"Da gangan ne," ya ce wa Djibrilla. "Yana hana santsi."

Sannan ya ɗora wa rufin kaya: tukwanen fure ashirin cike da ƙasa, faifan sola, kujeru biyu na shan iska, da tankin ruwa.

Ranar Juma'a bayan salla ya tare Alhaji Tahirou da hoto a waya. Alhaji ya sa tabarau, ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Me ka sa a ƙasansa?"

"Iska, Baba. Durom ne cike da iska."

"A sama kuma?"

"Tanki da tukwane."

"To."

"Kada ka damu, Baba. Harkar ruwa sai wanda ya karanta ko wanda ya gada. Ni kuwa na haɗa biyun."

Alhaji ya cire tabarau, ya kalle shi daga sama har ƙasa, ya ce, "Madalla."

Hamsatou ba ta da irin wannan haƙurin. Ta kira shi lokacin hutun cin abincinta.

"Aziz, tsakaninka da Allah, ka iya iyo?"

"Kaftin ba ya iyo. Kaftin ɗin da ya shiga ruwa ai ya gaza."

"Banɗaki fa?"

"An tanada."

"Wane iri?"

"Na zamani. Ba ya ɓarnar ruwa."

"Bokiti ne ko?"

Can ya ce, "Mai murfi."

"Allah ya kai mu Asabar," in ji ta. "Sai na caja wayata ta cika."

Shugabar masu ganin ɗaki ita ce Anti Suwaiba, Bakanuwa, aminiyar mahaifiyar Hamsatou. Babu amaryar da aka kai a Greensboro cikin shekara goma sha biyar ba ita ta auna ɗakin ba. Tef ɗin awo a jakarta yake kwana. Abdoul-Aziz ya kira ta ya tambayi mutum nawa ne za su zo.

"Mu huɗu ne kawai, ɗana. Abin ba na taro ba ne."

Ya zauna ya shigar da huɗu a kwamfuta, ya ƙara kansa da Djibrilla. Kwamfuta ta ce jirgi zai ɗauki takwas lafiya lau. Ya yi murmushi, har da rarar biyu.

Nan ne fa duk digirin ya tashi a banza. Mutum an haife shi cikinmu, ya ci shinkafar bikinmu, ya yi tsayuwa a sunanmu don kujeru sun ƙare, amma ya ji Bahaushiya ta ce huɗu ya rubuta huɗu. Tun yaushe huɗunmu ta zama huɗu?

Asabar da azahar motoci bakwai suka tsaya a bakin titi. Abdoul-Aziz yana tsaye da farar hular kaftin da sanda, yana ƙirga masu fitowa. A goma sha biyu murmushinsa ya fara bushewa. A ashirin da uku suka tsaya, kowace da kula a hannu.

"Anti, ai huɗu kika ce."

"Huɗun ne. Ni, da Tanti Assibi, da Hajiya Dalila, da Maman Rahina. Sauran rakiya suka yi mana."

"Waccan mai jan mayafin fa?"

"Baƙuwar Hajiya Dalila ce daga Charlotte. A bar ta a gida ita kaɗai? Kai, ina ɗakin?"

Ya gyara hula. Ya ce kafin a ga ɗaki sai an ɗanɗani rayuwar, don rabin daɗin zaman kanal tattakin bakin ruwa ne. Za a bi ta cikin fili a ƙafa, a shaƙi iska, a ga furanni. Ya shige gaba yana kaɗa sanda, mata ashirin da uku cikin leshi da takalma masu tsini suna biye da shi. An yi ruwa ranar Alhamis. Taku goma ba a yi ba, tsinin takalma ya fara shuka kansa a ƙasa.

"Ku dubi wancan farin furen," in ji Kaftin. "Ku ja numfashi."

Tanti Assibi, 'yar Maraɗi, ta ja numfashi, ta yi atishawa bakwai a jere. "Wallahi ni kashin doki nake ji," ta ce.

"Shi ne ƙamshin karkara, Tanti."

"Don wannan ƙamshin na baro ƙauyenmu."

Sun kusa ruwa ke nan sai ga wata dinya, irin manyan nan masu baƙin wuya, kwance kan ƙwai a tsakiyar hanya. Mijinta yana tsaye a gefe, ya miƙe wuya yana huci. Mata suka ja da baya.

"Kada wadda ta ji tsoro," in ji Abdoul-Aziz. "Tsuntsun ruwa ya san ɗan ruwa."

Ya matsa yana ɗan fito da baki. Namijin ya buɗe fukafukai, ya sunkuyar da kai, ya taho. Kaftin ya yar da sanda. Sau biyu suka zagaye Hajiya Dalila, tsuntsun yana cafkar bayan wandonsa, kafin ya samu ya laɓe a bayan Anti Suwaiba. Ita kuwa ko gezau. Ta ɗaga jakarta ta maka wa tsuntsun a ƙirji, ta ce, "Kai, tafi can!" Ya juya ya koma wajen matarsa.

"Fito, ɗan ruwa," ta ce. "Ɗan'uwanka ya tafi."

A bakin kududdufi Mista Hank ya riga ya kafa kujerarsa, da kofin shayi mai ƙanƙara. Djibrilla yana tsaye kusa da shi, ya ce shi yau ƙafarsa ba ta son katako.

Mata suka tsaya suna kallon Gimbiyar Ruwa.

"Wannan hanyar shiga ce," in ji Maman Rahina. "Gidan yana ina?"

"Shi ne gidan, Mama."

"Innalillahi."

Abdoul-Aziz ya tsaya a bakin katakon hawa, ya share murya. "Iyayena, don Allah, takwas-takwas za a riƙa shiga."

"Madalla," in ji Anti Suwaiba. "Zaɓi waɗanda za su tsaya a rana. Ni ce ko Hajiya Dalila? Ko baƙuwar da ta taso tun daga Charlotte? Nuna ta da yatsa in gani."

Ya kalli fuskoki ashirin da uku, kowace ta haife shi ko ta kusa. Yatsan ya ƙi tashi. Ya matsa gefe ya ce, "Bismillah."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya, a karkace, kowace ta tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ake yi a gidan mutunci, har takalman suka yi tsibi. Aka riƙa miƙa kuloli ta saman kai. Aka zauna layi biyu, gwiwa na gugar gwiwa.

"Kaftin!" Djibrilla ya kira daga tudu. "Ɗazu ina ganin durom. Yanzu ba na gani."

"Haka yake yi. Zaunawa yake."

A ciki Anti Suwaiba ta zaro tef, ta miƙa wa Tanti Assibi bakinsa.

"Gadon da uwarta ta yi oda ƙafa shida da rabi ne. Ina za a sa shi?"

"Zai shiga, Anti. Har da rarar inci huɗu."

"Ta ina za a wuce zuwa kicin?"

"Ta kan gadon."

"Da tukunyar miya?"

"A hankali."

"Kujeru saiti fa? Durowa? Madubi?"

"A rayuwar kanal mutum yana rage kaya ne, Anti. Cokali biyu, kofi biyu."

Aka yi salati daga wannan ƙarshen jirgi har wancan. Wata daga baya ta ce a maimaita, ba ta ji ba, aka miƙa mata maganar baki-baki. Da ta isa gare ta, ita ma ta yi nata salatin ita kaɗai.

"'Yar Alhaji Tahirou da cokali biyu," in ji Hajiya Dalila. "Ran suna kuma ina za mu zauna?"

"A kan rufi akwai kujeru."

"Nawa?"

"Biyu."

Daidai nan Tanti Assibi ta yaye wani labule a lungu. Ta daɗe tana kallon abin da ta gani, ta sake labulen a hankali.

"Suwaiba, rubuta. Bokiti."

"Mai murfi!" in ji Abdoul-Aziz.

Ya ga magana tana neman ƙwace masa. Ya san abu ɗaya ne ya rage: su ji daɗin tafiyar. Inji bai iso ba tukuna, amma yana da doguwar gora. Ya haye rufi, ya kwance igiya, ya kafa gorar a ƙasan ruwa, ya tura da duk ƙarfinsa. Jirgi ya tafi. Gora ta tsaya inda take, cak a cikin laka, tana kallonsu. Gimbiyar Ruwa ta lallaɓa zuwa tsakiyar kududdufi, ta juya gefenta ga tudu, ta tsaya.

"Mun iso?" wata ta tambaya daga ciki.

"Ana shan iska ne, Mama."

Sai ga ƙarar mota. Hamsatou ce ta taso daga aiki ta ɗauko mahaifinta. Ta shigo ta ƙofar gonar, ta bi shimfiɗaɗɗiyar hanyar tsakuwa, ta tsaya daf da kujerar Mista Hank. Anti Suwaiba ta leƙo ta taga.

"Ashe akwai hanyar mota har nan? Abdoul-Aziz! Ashe akwai hanyar mota?"

Alhaji Tahirou ya fito cikin farar babbar riga, ya tako bakin ruwa, ya ɗaga murya ya ce, "Assalamu alaikum."

To, kowa ya san mu. Dattijo ba zai yi sallama a amsa masa da ƙeya ba. Layin da ya ba tudu baya ya miƙe gaba ɗaya ya juyo. Layin da ke fuskantar tudu ya ga ba za a riga shi ba, shi ma ya matso. Mata ashirin da uku suka taru a tagogin gefe guda, wasu har da ɗan rusunawa.

"Wa alaikumus salam! Alhaji, ina wuni?"

"Ya gida? Ya aiki?"

"Ya shirin tafiya?"

"Ku koma!" Alhaji ya daka tsawa. "Rabi su koma wancan gefen!"

Amma gaisuwa in ta ɗauko ba a yanke ta a tsakiya. Ana kan "ya ƙafar Hajiya" tankin ruwa ya fara tafiya a kan rufi. Tukwanen fure suka bi shi, ɗaya bayan ɗaya. Gimbiyar Ruwa ta karkata sannu a hankali, cikin natsuwa, kamar tsohuwar saniya za ta kwanta. Bangon katako ya ce ƙaras, ya buɗe, ya zazzage iyayen amarya cikin ruwa kamar an kwance bakin buhun dankali.

Allah ya taƙaita, ruwan iya ƙugu ne. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙe, ana tari, ana salati, ana laluben ɗankwali. Kuloli suna yawo. Masa ta watsu a kan ruwa, dinyoyi suka taho da iyalansu. Takalma arba'in da shida suka kama hanya, kowanne da inda ya nufa. Dawaki suka jeru a bakin shinge. Mista Hank ya miƙe tsaye yana tafi, Hamsatou kuwa ta riƙe waya da hannu biyu don kada hoton ya girgiza.

Mutum ɗaya ne kawai yake nutsewa. Kaftin, da yake a kan rufi, shi aka fi wurgawa nesa. Yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, ido a rufe.

"La'ilaha illallah! Ku kira motar asibiti! Djibo, na bar maka kwamfutata! Ka yafe mini tuwon! Jama'a ku shaida, kakana busasshen kifi yake sayarwa!"

Alhaji Tahirou ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa Djibrilla, ya naɗe wando, ya shiga. Ya je ya kama shi ta wuyan riga.

"Miƙe tsaye."

"Baba, na tafi!"

"Na ce miƙe tsaye."

Ya miƙe. Ruwan ya tsaya masa a cibiya. Hular kaftin ta zo ta wuce ta gabansa, da masa guda a ciki.

Alhaji ya sake shi. Ya taka zuwa wajen gorar, ya murɗa ta sau ɗaya ta fito. Ya haye gefen jirgin da ke sama, ya tsaya daram kamar a tsakar ɗakinsa, ya soka gora nan, ya soka can. Kafin a ankara ragowar Gimbiya ta dawo bakin tudu, da Maman Rahina a maƙale a jikin ƙofa.

"Baba, ashe ka iya!" in ji Djibrilla.

"Shekara goma sha huɗu ina tuƙa kwalekwale a kogin Kwara, can Gaya, kafin a haifi wannan. Jirgin kirki nauyinsa a ƙasa yake. Na tambaye shi, ya ce ya karanta kuma ya gada."

Aka fito tudu, aka jeru ana matse zannuwa. Anti Suwaiba tana tsaye da takalmi ɗaya, tef ɗin awo yana ɗigar ruwa a wuyanta. Alhaji ya juya gare ta.

"Hajiya, kun ga ɗaki. Ya yi?"

"Alhaji, na auna ɗakuna a garin nan. Na ga mai kyankyaso, na ga wanda tagarsa ke kallon bola. Yau na ga wanda ya yi mini wanka. Bai yi ba."

"To, shi ke nan. Sai baɗi."

Wannan karon Abdoul-Aziz bai yi bayani ba. Ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai ruwan kududdufi. Shekara guda. Ya kalli Hamsatou, ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, ni ne na jawo. Digirin ma da ya san haka zan yi da shi, da bai yarda ya biyo ni ba."

Hamsatou ta kashe wayar, ta sa a aljihu.

"Baba, in yi magana?"

"Yi."

"Wata huɗu kawai ya yi ba mai kwaɓarsa, ga abin da ya ƙera. In kuka bar shi shekara guda shi kaɗai da kwamfuta, wallahi jirgin sama zai yi. Kuma su Anti zai ce su zo gani."

Tanti Assibi ta dafe ƙirji. Anti Suwaiba ta kalli sama, ta kalli ƙafarta marar takalmi.

"Alhaji," ta ce, "a yi auren nan. Don tsaron lafiyar jama'a."

Alhaji ya shafa gemu. Sannan ya ɗaga yatsa a fuskar Abdoul-Aziz.

"Kwana tara ya rage in tashi. Ɗaki da falo. A ƙasa. Wanda wani ya gina, ba kai ba. Wanda in an yi sallama ba ya motsi. Hajiya ta auna ta ce ya yi, mu sa rana. In ba haka ba, ka san sauran."

Yau kwana uku ke nan da faruwar abin, saura shida. Gimbiyar Ruwa tana nan kwance a gonar Mista Hank, dinyoyi sun tare a ciki, kuma su dai ba su yi ƙorafin bokiti ba. An tsamo takalma talatin da tara.

Saboda haka, jama'a, duk wanda ya san ɗaki da falo da ba kowa a ciki, a Sedgefield ko ko'ina cikin Greensboro, mai ƙofar da gado ƙafa shida da rabi zai shiga, don Allah ya kira Anti Suwaiba ko Djibrilla yau ɗin nan. Kada ku kira Abdoul-Aziz. Ku kuma hanzarta, don jiya da rana Djibrilla ya shigo falo ya same shi yana kallon bidiyon wani Bature da ya gina gida a kan bishiya, kuma har ya ɗauko biro.